Tarihin Makullin Wi-Fi, da Abin da Ya Shafi Rautar Gidanka

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya, ya karya a Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada da Doguwa, in ya kunna Wi-Fi na wayarsa a inda mota ta tsaya cikin gari, ba abin mamaki ba ne ya ga sunayen rauta biyu ko uku sun fito. Wata ta mai shagon POS ce, wata ta mai buga takardu da cike wa ɗalibai fom ɗin JAMB, wata kuma ta gidan wani ma'aikaci ce da ya gaji da saya wa kowa data daban-daban. Ɗan akwati ne da bai wuce tafin hannu ba, ko mai kama da faranti da ƴan ƙahoni biyu, an zura masa layin waya a ciki. Yawanci yadda aka ciro shi daga kwali haka ake jona shi, haka kuma zai zauna har ya lalace.

A wannan rubutu za mu bi tarihin makullin da ke tsare wannan na'ura. Shekara kusan talatin ke nan ana ƙera shi ana fasawa, ana sake ƙerawa. Abin da mai karatu zai lura da shi shi ne, manyan ɓarnar da aka yi ba su cika zuwa ta hanyar wata gagarumar fasaha ba. Galibi tsohon makulli aka bari bayan kowa ya san ya mutu, ko kuma mabuɗin da kamfani ya haɗo da shi ne ba a taɓa canzawa ba.

Ganuwa da ƙofa

Mutanen Kano ta Kudu ba baƙin maganar tsaron gari ba ne. Bebeji, inda aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake. A ƙarshen Janairu 1903, Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji sama da 700 da manyan bindigogi huɗu, zai je cin Kano. A Bebeji ya fara haɗuwa da turjiya. Bai tsaya rushe ganuwa ba, ƙofa ya sa aka harba da igwa ta fashe, sojoji suka kutsa. Ranar 3 ga Fabrairu ya isa Kano. A can ma ganuwar ta gagari harsashin igwa saboda kaurinta, sai da suka zagaya suka sami ƙofar da za su iya fasawa, suka shiga ta Kabuga.

Duk mai nazarin tsaron kwamfuta ya san wannan darasi: mahari ba ya zuwa ta inda aka fi ƙarfi. Rauta ma ƙofofi biyu gare ta. Ta farko ita ce kalmar sirrin Wi-Fi, wadda ake ba mutum ya hau intanet. Ta biyu ita ce kalmar sirrin shafin saiti, inda ake sarrafa na'urar baki ɗaya. Mutane da yawa ta farkon kawai suka sani.

Yadda aka fara aika bayanai ta iska

A 1971, wasu masana a Jami'ar Hawaii da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Norman Abramson, suka haɗa kwamfutocin tsibiran jihar ta hanyar rediyo, domin shimfiɗa waya a tsakanin tsibirai abu ne mai tsada. Sun kira tsarin ALOHAnet. A 1985 kuma hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe wasu zangunan rediyo, ciki har da na 2.4 GHz, ta ce kowa na iya amfani da su ba sai da lasisi ba. Wannan ne ya ba kamfanoni damar ƙera na'urorin da ke magana da juna babu waya.

Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar farko, mai lamba 802.11, a 1997. A 1999 aka raɗa wa fasahar suna Wi-Fi, kuma a shekarar ce kamfanin Apple ya sa ta a cikin kwamfutarsa ta hannu mai suna iBook, daga nan ta fara shiga gidaje.

To amma akwai matsala tun daga tushe. Bayanin da ke tafiya cikin waya, sai mutum ya taɓa wayar kafin ya saurara. Wanda ke tafiya ta iska kuwa kamar shirin rediyo yake, yana ratsa bango ya fita titi, duk mai na'urar kamawa a kusa zai ji. Ba yadda za a yi a hana mutum sauraro. Abin da kawai za a iya shi ne a juya bayanin ya koma rubutun sirri, ta yadda ko an kama shi ba za a gane komai ba sai da mabuɗi.

Makullin farko da yadda ya mutu

Makullin da aka haɗo da ƙa'idar 1997 sunansa WEP. Alƙawarin da ke cikin sunan shi ne zai ba da sirri daidai da na waya. Tun farko an haife shi da rauni, domin a lokacin dokar Amurka tana ɗaukar ƙaƙƙarfar fasahar ɓoye bayanai tamkar makami, tana taƙaita fitar da ita waje, don haka aka gajarta mabuɗin.

Babban lahaninsa dai a wani wuri yake. Ga kowane ƙunshin bayani da zai tura, WEP yana haɗa kalmar sirri da wata lamba mai canzawa, don kada saƙonni biyu su fita da kulli iri ɗaya. Sai dai lambobin duka-duka miliyan 16 da ɗoriya ne. Ga ɗan Adam wannan adadi ne mai yawa, ga rauta mai aiki sosai kuwa cikin sa'o'i za ta fara maimaita su. Ƙari a kan haka, lambar a fili ake tura ta, kowa na gani.

A farkon 2001 masu bincike uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana wannan rauni. A watan Agusta na shekarar, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir suka nuna cewa wasu daga cikin lambobin nan suna tona ɗan ɓangaren mabuɗin, kuma in mutum ya tara saƙonni da yawa zai iya harhaɗo mabuɗin gaba ɗaya. Ba a daɗe ba aka saki manhajojin kyauta masu yin wannan aiki. Zuwa 2007, wasu masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Darmstadt a Jamus sun nuna ana iya fasa WEP cikin ƙasa da minti ɗaya.

Kowa ya ji labari, amma ba kowa ya canza ba. Kamfanin TJX, mai ɗimbin shagunan sutura a Amurka, ya ci gaba da amfani da WEP a wasu shagunansa. A 2005 wasu ɓarayi suka riƙa tsayawa da mota a wajen shago da kwamfuta da eriya, suka fasa Wi-Fi ɗin, daga nan suka lallaɓa har cikin manyan kwamfutocin kamfanin. Sai a Janairu 2007 kamfanin ya sanar da jama'a. Bayanan katin banki sama da miliyan 45 aka kwashe. Jagoran ɓarayin, Albert Gonzalez, ya sami ɗaurin shekara 20 a 2010. Abin takaicin shi ne, a lokacin da aka yi satar, makullin da ya fi WEP ya riga ya shekara biyu a kasuwa.

Makulli mai kyau, da tagar da aka buɗe a gefensa

A 2003 aka fito da WPA a matsayin faci na wucin gadi, a 2004 kuma WPA2 ya zo da tsarin ɓoye bayanai na AES, wanda har yau ba a san hanyar fasa shi kai tsaye ba. Shi ne ke kan mafi yawan rautocin da ke hannunmu yanzu.

Sai kamfanoni suka ga mutane na wahala da rubuta doguwar kalmar sirri, suka ƙirƙiro wata hanyar sauƙi mai suna WPS: ko ka danna maɓalli a jikin rauta, ko ka shigar da lambobi takwas. A Disamba 2011 wani mai bincike ɗan Ostiriya, Stefan Viehböck, ya gano cewa rauta ba ta duba lambobin takwas a tare. Tana duba huɗun farko ta ce daidai ne ko kuskure, sannan ta duba sauran. Lambar ƙarshe kuma daga sauran bakwai ake lissafo ta. Ke nan maimakon mahari ya yi ta cankar miliyoyin lambobi, gwaji 10,000 ya ishe shi a rabin farko, 1,000 a rabi na biyu. Jimla 11,000, aikin ƴan sa'o'i. Da ya dace, rautar da kanta za ta miƙa masa kalmar sirrin, komai tsawonta.

A Oktoba 2017 kuma Mathy Vanhoef na Jami'ar Leuven a Beljiyam ya gano wani rauni a yadda waya da rauta ke gaisawa a farkon haɗuwarsu a tsarin WPA2, aka kira shi KRACK. Canza kalmar sirri ba ya maganin wannan, sai an sabunta manhajar na'urar. Kamfanoni sun fitar da gyara, wanda ya sabunta ya tsira, wanda bai sabunta ba yana nan yadda yake. A 2018 aka sanar da WPA3, wanda ya zo da gyaran wani babban rauni da za mu gani nan gaba kaɗan.

Ƙofa ta biyu: labarin Mirai da Laberiya

Duk abin da ya gabata a kan ƙofar farko ne. Ƙofa ta biyu ita ce ta girgiza duniya a 2016. Wasu matasa uku a Amurka, waɗanda rigimarsu ta samo asali daga harkar wasan kwamfuta na Minecraft, suka rubuta wata muguwar manhaja mai suna Mirai. Aikinta ba wani mai zurfi ba ne. Tana yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar rautoci da kyamarorin tsaro, tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni suka saba sakawa, irin su admin da 12345. Duk wadda ta buɗe, ta shiga rundunarta. A ganiyarta ta mallaki na'urori kusan 600,000, masu su ba su ma sani ba.

Ranar 21 ga Oktoba 2016 aka juya irin wannan runduna kan kamfanin Dyn, wanda ke riƙe da adireshin manyan shafuka. Twitter da Netflix da wasu da dama suka gagara buɗuwa a sassan Amurka na tsawon sa'o'i.

Abin bai tsaya can nesa ba, ya zo har Afirka ta Yamma. Wani ɗan Birtaniya mai suna Daniel Kaye ya karɓi kwangila daga wani ma'aikacin kamfanin da ke gogayya da Lonestar, kamfanin waya na ƙasar Laberiya, ya yi amfani da wani nau'in Mirai ya yi ta yi wa Lonestar ruwan saƙonnin banza har intanet ya riƙa ɗaukewa a ƙasar a Nuwamba 2016. A ƙarshen watan, ƙoƙarinsa na ƙara yawan rundunar ya durƙusar da rautocin kwastomomin Deutsche Telekom kusan 900,000 a Jamus. A Janairu 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas. Wato rautar wani bawan Allah da ke barci a wata nahiya ita aka yi amfani da ita wajen hana ɗan kasuwa a Monrobiya aiki.

Wannan ne ya sa gwamnatoci suka fara ɗora wa kamfanoni alhaki. Daga 29 ga Afrilu 2024, doka a Birtaniya ta hana sayar da na'ura mai hawa intanet da kalmar sirri irin admin da kowa zai iya canka.

Yadda abin ya iso mana

Hanyar da intanet ya bi ya shigo gidajenmu daban take da ta Turai, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci. A can, ta wayar tarho da aka riga aka shimfiɗa ya shiga. A Najeriya kuwa, kafin 2001 layukan NITEL a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, kuma a manyan birane suka taru. Hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a Janairu 2001, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003. Garuruwa irin su Kiru da Tiga da Riruwai ta sandar sabis suka san intanet. MTN ya ƙaddamar da 4G a 2016, da 5G a 2022 inda birnin Kano ke cikin biranen farko. A Janairu 2023 Najeriya ta zama ƙasar farko a Afirka da Starlink ya fara aiki, abin da ya ba wanda ke gefen dajin Falgore, inda sabis ke rawa, damar samun intanet daga tauraron ɗan Adam in yana da halin biya. A farkon 2023 ɗin ne kuma ƙarancin takardun naira ya tura ɗimbin ƴan kasuwa, har da masu hada-hadar shinkafa a Tudun Wada, ga tiransifa da POS.

Sakamakon wannan tarihi shi ne, mafi yawan rautocinmu layin waya ne a cikinsu. Wannan yana da alheri guda: kamfanonin waya galibi suna tara layuka masu yawa a bayan adireshin intanet ɗaya, don haka mahari daga wata ƙasa ba ya saurin ganin rautarka kai tsaye. Haɗarin da ya fi kusa da kai shi ne wanda ke zaune a dakalin ƙofar gida.

Kuma ba shan data kawai zai yi ba, duk da cewa tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025, wannan ma asara ce. Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka zai iya buɗe burauza ya rubuta adireshin rautar, wanda yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, shafin saiti ya fito. In har kalmar shiga tana nan a admin, shi ke nan. A rautoci masu layi da yawa, ta wannan shafi ana karanta saƙonnin tes da suka shigo layin. Ka ga wanda ya zura layin da bankinsa ke turo masa lambar sirri a cikin MiFi, ya ajiye mabuɗin asusunsa a tsakar gida. Ta shafin ne kuma ake iya canza inda rauta ke tambayar adireshin shafuka, ka rubuta sunan shafin gaskiya a kai ka na bogi.

Akwai kuma maganar suna. Tun Disamba 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. In wani ya yi damfara ko barazana ta rautarka, sawun da masu bincike za su fara bi layinka zai kawo su. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga masu kutse da zamba, amma kafin a tantance wa ya yi, mai layin ne zai fara amsa tambayoyi.

Lambar waya ba kalmar sirri ba ce

Ga raunin WPA2 da muka ce za mu dawo kansa. Mahari na iya kama ɗan guntun bayani daga iska, ya tafi da shi gida, ya sa kwamfuta ta yi ta cankar kalmar sirrin ba tare da rautar ta san ana yi ba. Kwamfuta mai ƙarfi tana gwada dubban ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. A 2021 wani mai bincike na kamfanin CyberArk, Ido Hoorvitch, ya zagaya unguwannin Tel Aviv da kayan aiki masu arha, ya tattaro irin wannan guntun bayani daga rautoci 5,000, ya fasa sama da kashi 70 cikin 100. Mafi yawan waɗanda suka faɗi, lambar wayarsu suka sa a matsayin kalmar sirri.

Mu yi lissafin da lambobinmu. Lambar waya a Najeriya 11 ce, amma ukun farko sanannu ne: 080, 081, 070, 090, 091. Saura takwas, wato canka miliyan 100 ga kowane mafari, miliyan 500 gaba ɗaya. Ga irin waccan kwamfuta wannan ba ya kai aikin yini. Ga maƙwabcin da ke da lambarka a wayarsa kuwa, gwaji ɗaya ne. Wannan cankar ta bayan fage ita ce WPA3 ya zo ya toshe.

Abin da tarihin ya bar mana

Kowane abu da masana ke cewa a yi wa rauta, akwai ɓarnar da ta haife shi. Mirai ce ta koya mana canza kalmar shafin saiti tun ranar farko, kuma kada ta zama iri ɗaya da ta Wi-Fi. TJX ya koya mana duba nau'in makulli: a zaɓi WPA3 in akwai, in babu WPA2, rautar da WEP kawai ta iya kuwa ta gama aiki. Binciken 2011 ya ce a kashe WPS. KRACK ya ce a riƙa leƙa wurin sabunta manhajar rauta da ta waya. Na Tel Aviv ya ce a bar lambar waya da sunan ɗa da shekarar haihuwa, a haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, irin waɗanda kai za ka tuna amma ba wanda zai canka.

Akwai kuma waɗanda yanayinmu ya ƙara. Kalmar sirrin da kamfani ya sa a rubuce take a bayan na'urar ko a ƙarƙashin batir, don haka duk MiFi da ta kwana a shagon caji a canza mata. Layin banki kada ya shiga rauta, a ware mata nata. In sabis ya yi rauni aka soka tsinke a ramin risat, a tuna komai ya koma yadda ya fito daga kwali, har da admin, sai an sake saiti. Kyamarar tsaro ta shago ko ta injin casar shinkafa ita ma tana da tata kalmar da ke buƙatar canji.

Abu mafi wuya a wurinmu ba na fasaha ba ne. Maƙwabci ko ƙanin matarka ya ce a sa masa Wi-Fi, da kunya ka ce a'a. Wayoyin Android kuma tun 2019 suna iya nuna kalmar sirrin a hoton QR, wanda ka ba zai iya ba wa abokai goma kafin magariba. Da ɗan gari akan ci gari. Mafita ita ce abin da rautoci da yawa ke da shi, wato Wi-Fi na baƙi: suna daban, kalmar sirri daban, mai shi ya hau intanet amma ba ya kaiwa ga shafin saiti ko na'urorin gida. Kamar zaure ne, baƙo ya zauna a yi masa hidima ba tare da ya shiga cikin gida ba. In rautarka ba ta da shi, to ka riƙa buɗe shafin saiti lokaci-lokaci ka ƙirga wayoyin da ke kai. In mutanen gidan shida ne ka ga sha huɗu, lokacin canza kalma ya yi.